ƘARAMIN ZOBEN ROBA DA RUWAN ALHAZAI A MAKKA

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hore wa ɗan Adam ƙarfe da ruwa da itace, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya 'yan'uwa matasa, darasinmu na kimiyya a wannan fitowa zai kai mu birnin Makka ne, sai dai za mu bi ta ƙofar da masu ziyara ba su cika bi ba, wato ƙofar ɗakunan injuna. Duk alhajin da ya dawo zango yakan ba da labarin Ka'aba da Arfa da jifan Shaiɗan, ya rarraba dabino da ruwan Zamzam a ƙananan kofuna, jama'a su sha su yi addu'a. Ba kasafai wani yake tambaya yadda ruwan nan ya taso daga gindin rijiya ya iso bakin mutum kusan miliyan biyu cikin 'yan kwanaki ba. Amsar tana da tsawo, amma wani babban yanki nata yana rataye ne a kan wasu 'yan ƙananan abubuwa na roba da filastik, waɗanda da yawanku kuna taɓa irinsu kullum a wurin koyon aiki, ko a Suame Magazine a Kumasi, ko a shagunan kayan mota na Abossey Okai a Ankara.

ABUBUWA UKU

Duk inda ƙarfe yake juyawa ko yake kai da komowa a cikin inji, matsala biyu ce take tasowa. Ta farko yoyo: ruwa ko mai ko iska suna neman hanyar fita ta inda sandar ƙarfen ta ratsa jikin injin. Ta biyu gogayya: ƙarfe yana cin ƙarfe, ya yi zafi, ya lalace. Abin da yake tare yoyo shi ne sil. Akwai wanda yake zaune tsakanin fuskoki biyu da ba sa motsi, kamar gasket, akwai zoben roba da ake kira o-rin, akwai kuma oyel sil mai leɓe da ke rungume sanda tana juyawa. Abin da yake ɗaukar nauyin sandar ya bar ta ta juya cikin sauƙi shi ne beyarin, wanda makanikai suka fi sani da boris idan mai 'ya'yan ƙarfe ne. Bushin kuwa ƙanen beyarin ne, ba shi da 'ya'ya, ɗan guntun bututu ne kawai da sanda take zamewa a cikinsa. Wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin trotro ya ga bushin a bakin sifirin da kuma a hannuwan ƙafar gaba.

A da can da fata da igiya mai kitse da tagulla da itace mai tauri ake yin waɗannan abubuwa. Yanzu mafi yawansu da polima ake yi.

MENE NE POLIMA?

Ka ɗauki tasbaha. Ƙwaya ɗaya ba ta da wani tsawo, amma idan aka jera dubu a zare guda sai ta zama doguwar aba mai lanƙwasuwa. To haka polima take: ƙananan ƙwayoyin sinadari iri ɗaya ne suke kama hannun juna dubbai dubbai har su zama dogon zare wanda ido ba ya gani. Auduga polima ce, gashin kanka polima ne, haka ma farin ruwan da ake tatsa daga itacen roba a gonakin Yankin Yamma na Ghana, bayan Takoradi. Waɗannan Allah ne Ya halicce su a yadda suke. Sauran kuwa, irin su nailan da ledar kasuwa da bututun ruwa na PVC, mutum ne yake harhaɗa su daga man fetur da iskar gas.

Ɗanyen roba ba shi da amfani sosai ga inji, domin yana narkewa ya yi danƙo idan an yi zafi, ya daskare idan an yi sanyi. A shekarar 1839 wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ya gano cewa idan aka dafa roba da farar wuta, sai zaruruwan nan su ɗaure da juna nan da can, kamar a ce an kawo tasbahohi ɗari an ƙuƙƙulla su da gajerun zaruruwa. Idan ka ja sai su miƙe, idan ka saki sai su koma yadda suke. Wannan komawa ita ce duk sirrin sil. Zoben roba da aka matse a cikin kwarminsa kullum yana ƙoƙarin komawa siffarsa ta asali, saboda haka yana danna bangon ƙarfe ta kowane ɓangare, kuma da zarar ruwa ya taso da ƙarfi sai ya ƙara tura shi cikin kusurwa, hanyar ta ƙara toshewa. Wani injiniya ɗan asalin Denmark da ke zaune a Amurka, Niels Christensen, shi ne ya nemi rajistar o-rin a 1937, kuma jiragen saman Yaƙin Duniya na Biyu ne suka yaɗa amfani da shi.

A 1935 Wallace Carothers ya haɗa nailan a kamfanin DuPont. Bayan shekara uku, a 1938, wani matashin masanin sinadarai na wannan kamfani, Roy Plunkett, ya buɗe tukunyar gas da yake gwaji da ita ya tarar gas ɗin ya rikiɗe ya zama wani farin gari mai santsi. Wannan shi ne PTFE, wanda duniya ta fi sani da sunan Teflon. Kusan babu abin da yake manne masa, kusan babu sinadarin da yake cinsa, kuma yana jure zafi har maki 260. Farin tef ɗin nan da masu aikin famfo suke naɗawa a bakin bututu kafin su ɗaure, shi ne.

RIJIYAR ZAMZAM

Tarihin rijiyar ba baƙo ba ne gare ku: Nana Hajara da jaririnta Annabi Isma'ila a kwarin da babu shuka, kai da komowa tsakanin Safa da Marwa, da ɓulɓulowar ruwa. Daga baya rijiyar ta binne, sai Abdul Muɗɗalibi kakan Annabi (SAW) ya sake haƙa ta, kuma shayar da alhazai ya zama wani muƙami mai daraja wanda ya kasance a hannun Abbas. Ɗaruruwan shekaru da guga da igiya ake jan ruwan. Guga ba shi da sanda mai juyawa, ba ya bukatar sil, amma kuma ba zai shayar da miliyoyi ba.

Rijiyar tana gabas da Ka'aba da tazarar kamar mita 20, zurfinta kuwa kamar mita 30 ne. Wajen mita 13 na sama an haƙa su ne a cikin yashi da tsakuwar kwarin Ibrahim, aka kewaye da ginin dutse, sauran kuma a cikin fa ne. A 1953 aka sa mata famfon lantarki. Bayan shekara goma aka rushe ginin da ke kanta don a faɗaɗa wurin ɗawafi, rijiyar ta koma ƙarƙashin dabe, kuma tun 2003 aka rufe hanyar da mutane suke sauka su gan ta. Yanzu famfuna suna ɗago lita 11 zuwa 18 da rabi a kowace daƙiƙa. Ana tura ruwan ta bututu zuwa Kudai, kamar kilomita huɗu da rabi daga Harami, inda aka buɗe masana'antar Sarki Abdallah a 2010 a kan kuɗi riyal miliyan 700. A can ake tace shi, a haska shi da hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta, a ɗura shi a jarkoki, wani kuma a mayar da shi Harami, wani a ɗauka a tankoki zuwa Madina.

To yanzu ku tsaya mu duba cikin famfo, domin a nan darasin yake. Kowane famfon lantarki yana da mota a gefe ɗaya, da farfela a cikin ruwa a ɗaya gefen, da sandar ƙarfe da ta haɗa su. Dole ne sandar ta ratsa bango, kuma dole ne ta juya fiye da sau dubu a minti ɗaya ba tare da ruwa ya biyo ta ba. Tsohuwar dabara ita ce a cusa igiya mai maiƙo a kewayen sandar a matse da noti, kuma irin wannan dole a bar ta tana ɗan ɗiga don kada ta ƙone. Kada ku raina ɗigo. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya haura lita huɗu a kwana ɗaya, ya haura lita 1,500 a shekara. Famfunan zamani suna amfani da wani sil mai fuska biyu, ɗaya ta gawayi mai tauri, ɗaya ta tangaram, waɗanda aka goge su suka yi sumul kamar madubi, sifirin yana danna su ga juna. Ɗaya tana juyawa da sanda, ɗaya tana tsaye. Amma a bayan kowace fuska akwai zoben roba wanda yake toshe sauran hanyar, yake kuma ba fuskar damar ɗan motsawa idan sandar ta yi rawa. Idan zoben nan ya bushe ya tsage, fuskokin nan masu tsada ba su tsinana komai.

Sai batun beyarin. Boris na ƙarfe yana son giris, kuma yana gudun ruwa. Idan ka nutsa shi a rijiya, ruwa zai wanke giris ɗin, tsatsa ta kama 'ya'yan, giris ɗin kuma ya shiga ruwan da mutane za su sha. Shi ya sa a famfunan da ake zurawa cikin rijiya ake sa bushin na roba ko na filastik mai tauri, wanda ruwan da ake ja ɗin shi ne man shafawarsa. Ana yanka 'yan kwarmi a tsawon cikinsa. Yayin da sanda take juyawa sai ta jawo ruwa ƙarƙashinta, ta hau kansa ta yi ta zamewa, kusan ba ta taɓa robar. Idan ƙwayar yashi ta shigo, maimakon ta maƙale tsakanin ƙarfe da ƙarfe ta yi zane, sai ta lotsa cikin robar, ta gangara zuwa kwarmi, ruwa ya tafi da ita. A rijiyar da rabinta a cikin yashi take, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Amma akwai sharaɗi guda: kada a tayar da irin wannan famfo babu ruwa. Cikin ɗan lokaci kaɗan robar za ta yi zafi ta ƙone, domin roba ba ta iya fitar da zafi kamar ƙarfe. Masu kula da burtsatsen masallatanmu su riƙe wannan, musamman da rani sa'ad da ruwa yake ja baya.

Wani abin lura kuma, ba kowace roba ake yarda ta taɓa ruwan sha ba. Wata tana sakin wari ko ɗanɗano, wata tana sakin sinadari, wata ƙwayoyin cuta suna son zama a jikinta. Ƙasashe da yawa suna da hukumomin da suke gwada roba su ba ta shaida kafin a sa ta a bututun ruwan sha. Mai sayar da ruwan leda a unguwa da ya yanko tsohon tub na taya ya yi wosha da shi, ya sani cewa ba don bakin mutum aka yi wannan roba ba.

RUWAN TEKU DAGA SHU'AIBA

Zamzam na sha ne. Ruwan alwala da wanka da girki da wanke Harami daga wani wuri yake zuwa. Ƙarancin ruwa a Makka tsohuwar damuwa ce. A farkon ƙarni na 9 na Miladiyya, Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta kashe dukiya mai yawa ta gina magudanar dutse daga kwarin Nu'uman zuwa Arfa, kuma wannan aiki ya shayar da alhazai fiye da shekara dubu. Ruwan Zubaida gangarowa yake yi da kansa daga tudu. Ruwan yau kuwa hawa yake yi, domin daga teku ake ɗauko shi.

Kudu da Jidda, a bakin Bahar Maliya, akwai wani wuri da ake kira Shu'aiba. Masu karatun Sira za su tuna sunan, domin nan ce tashar jiragen ruwan Makka ta dā, inda sahabbai suka shiga jirgi zuwa Habasha. A yau manyan masana'antun cire gishiri daga ruwan teku ne a wurin, masu ba Makka da Jidda da Ɗa'ifa ruwa. Rukuni ɗaya kawai daga cikinsu, Shu'aiba ta uku, an gina shi ne don ya fitar da kubik mita 880,000 a rana ta hanyar dafa ruwa a tara tururinsa. Sababbin rukunonin sun koma wata hanya da ba ta cin wuta kamar waccan: a matsa ruwan teku da ƙarfi ya ratsa wani siririn tantani na polima, ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya.

Ruwan Bahar Maliya yana da gishiri kamar giram 40 a kowace lita, ya fi na tekun da ke gabanmu a Ankara mai kamar 35. Kafin ruwa ya ratsa tantanin sai an matsa shi da ƙarfin da ya kai ba 60 zuwa 70, wato kamar ninki talatin na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Ana naɗe tantanin kamar tabarma, a jera naɗi shida ko bakwai a cikin dogon bututu guda, kuma a kowace mahaɗa tsakanin naɗi da naɗi akwai zoben roba. A gefe ɗaya na zoben ruwan gishiri ne mai tsananin matsi, a ɗaya gefen ruwan daɗi ne da aka riga aka tace. Idan zobe ɗaya ya murɗe wajen sawa, ko ya yanke, gishiri zai kutsa cikin ruwan da aka sha wahalar tacewa. A babbar masana'anta irin waɗannan naɗe-naɗe dubbai ne, zobban kuma sun ninka su. Daga nan sai manyan famfuna su tura ruwan tafiyar kilomita masu yawa zuwa tankunan Makka da Mina, ta cikin bututu da bawul waɗanda kowanne yake da nasa gasket. A nan ma polima ta yi wa ƙarfe fintinkau, domin ruwan gishiri mai ɗumi yana cin ƙarfe kamar yadda gara take cin itace, amma ba ya yi wa roba da Teflon komai.

Idan wani yana ganin wannan magana ce ta injiniyoyi kawai, to ya tuna hajjin 2024. Alhazai sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, zafi ya kai maki 51.8 a Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba su da mafaka. Allah Ya jiƙansu. A irin wannan yanayi tsayawar famfo na awa biyu magana ce ta rai da mutuwa.

SANYI, JIRGI DA TANTUNA

Sanyin da alhaji yake ji a cikin Harami daga tashoshi biyu yake zuwa, ta Ajyad da ta Shamiyya, inda ake sanyaya ruwa a tura shi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa masallacin. Famfuna ne da bawul da sil, kamar dai waɗanda muka bayyana. Matakalun lantarki masu hawa da mutane bene kuwa, kowace taka tana gudu ne a kan 'yan ƙananan tayoyi masu rigar polima, shi ya sa ba ka jin ƙarar ƙarfe a kan masu salla.

Jirgin ƙasan Masha'ir, wanda ya fara aiki a hajjin 2010, yana da tsawon kilomita 18 da tashoshi tara tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, kuma an tsara shi ya kwashi mutum 72,000 a awa ɗaya. A kan gada yake tafiya, gada kuma tana numfashi. Ƙarfe da kankare suna miƙewa idan sun ji zafi. Ga lissafi mai sauƙi ga 'yan makaranta: kowace mita tana ƙaruwa da kamar milimita 0.012 a kowane maki ɗaya na zafi. Ginshiƙin kwance mai mita 30, idan zafi ya tashi da maki 30 tsakanin daren hunturu da ranar bazara, zai ƙaru da kusan milimita 11. Idan aka ɗaure shi tam, zai tsaga abin da ya riƙe shi. Don haka masu gina gadoji suke ɗora shi a kan matashi na roba mai faifan ƙarfe a ciki, ko a kan faifan Teflon da ke zamewa a kan ƙarfe mai sheƙi. Wannan ma beyarin ne, ko da yake ba ya juyawa. In kun bi ta ƙarƙashin wata gadar sama a Kumasi ko Ankara, ku ɗaga kai ku duba saman ginshiƙi, za ku ga baƙin abu a maƙale tsakani.

Tun da mun ambaci Teflon, bari mu ɗan ratse. A ranar 15 ga Afrilu 1997 gobara ta tashi a Mina, ta cinye dubban tantunan yadi, mutum fiye da 340 suka rasu. Bayan wannan ne aka kafa fararen tantunan da ake gani yanzu, na zaren gilashi da aka shafe da Teflon, wanda ba ya kama wuta da sauƙi. Irin wannan yadi ne kuma ya rufe tashar alhazai ta filin jirgin saman Jidda da aka buɗe a 1981, wadda injiniya Fazlur Rahman Khan ɗan asalin Bangladesh yana cikin waɗanda suka tsara ta. Iyayenmu da yawa sun kwana a ƙarƙashinta suna jiran jirgin komawa gida.

ROBA SUNA TA TARA

Ga inda mutanenmu suka fi yin asara. A ido duk zobban baƙaƙe ne, duk suna miƙewa, amma halinsu ya sha bamban. Akwai naitiril, wadda ake rubuta NBR a jikin kwalinta. Ita ce mai son man inji da dizal, ita ce yawancin oyel sil na mota, amma rana da zafin da ya wuce maki ɗari da 'yan kai suna busar da ita ta tsattsage. Akwai EPDM, wadda take jure ruwa mai zafi da tururi da hasken rana, saboda haka ita ce ta aikin ruwa, kuma ita ce ake sawa a birkin mota mai amfani da ruwan birki na yau da kullum. Amma da ta haɗu da man inji ko fetur sai ta kumbura ta yi laushi. Yaron da ya zuba man giya a tukunyar birki don ruwan birki ya ƙare, ko ya wanke robobin birki da fetur, ya riga ya kashe birkin, sai dai ba a ranar zai nuna ba, zai jira sai mota ta cika da fasinja tana gangara. Akwai kuma Viton mai jure mai da zafi har maki 200, mai tsada, wadda za ka ji ta fi sauran nauyi a tafin hannu. Abin sha'awa, ana yin EPDM a Rabig, garin nan da ke kusa da miƙatin Juhufa, a masana'antar da kamfanin Aramco ya kafa tare da Sumitomo na Japan.

Duniya ta ga abin da zoben roba yake iya jawowa a ranar 28 ga Janairu 1986. Kumbon Challenger na Amurka ya tashi da safe ana sanyi, zafin iska bai wuce maki biyu ba. Sanyin ya sa zoben da ke mahaɗar rokarsa ya ƙage, bai koma siffarsa da sauri ba, wuta ta samu hanya, kuma bayan daƙiƙa 73 kumbon ya tarwatse da mutum bakwai. A wajen bincike, masanin kimiyya Richard Feynman ya matse guntun robar ya tsoma a kofin ruwan ƙanƙara a gaban jama'a, ya ciro, kowa ya ga ta ƙi miƙewa. Injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokar sun yi gargaɗi tun daren jiya, ba a saurare su ba. A Makka da kuma a nan ƙasarmu matsalar ta zafi ce, amma ƙarshenta ɗaya ne: roba ta daina komawa yadda take, yoyo ya fara.

Kada kuma wani ɗan kasuwa ya ruɗe ku da cewa filastik ya kori ƙarfe. A ƙafar mota da cikin injin da ke gudu da nauyi da zafi, boris na ƙarfe ne sarki har gobe. Filastik yana kumbura da zafi fiye da ƙarfe sau da yawa, saboda haka bushin da aka yanka daidai cif da safe yana iya shaƙe sanda da rana. Nailan yana shan ruwa ya ƙara kauri, don haka wanda zai yanka bushin na famfo a kan leda sai ya bar masa sarari, ko ya nemi farin filastik da ake kira asital wanda ba ya shan ruwa sosai. Teflon zalla kuma, da duk santsinsa, yana lotsewa a hankali idan nauyi ya daɗe a kansa, shi ya sa ake cakuɗa shi da garin tagulla ko gilashi ko gawayi.

A GIDA

Ba sai an je Hijaz ba kafin a ga amfanin wannan ilmi. Famfon tuƙa-tuƙa da ake kira Afridev, wanda aka tsara a Malawi da Kenya a shekarun 1980, kuma yana cikin irin famfunan da aka amince da su a ƙauyukan Ghana, an gina shi ne a kan wannan dabara. Maimakon boris na ƙarfe a hannunsa, bushin na filastik aka sa, ɗaya a cikin ɗaya, ba ya bukatar giris. Maimakon fatar da ake sawa a tsofaffin famfuna, sil na naitiril ne yake ɗago ruwan. An yi haka da gangan don mutanen ƙauye su iya ciro su su canza da sifana ɗaya. Duk da haka nawa ne irin waɗannan famfuna suke tsaye a arewa, mata suna komawa rafi, saboda robar da kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba ta cinye babu wanda ya san sunanta balle inda ake sayenta? A ganina ƙungiyar matasa da za ta ɗauki nauyin famfon masallacin unguwarta, ta rubuta lambar kowane sil a littafi, ta ajiye na canji, ta yi aikin da ya yi kama da na Abbas gwargwadon ƙarfinta.

Ga masu koyon aiki, kafin ka je shago ka auna tsohon zoben da kalifa, faɗin cikinsa da kaurinsa, ka kuma gaya wa mai shago abin da zai taɓa: mai ne, ko ruwa, ko ruwan birki. Zoben da ka ga an rataye a ƙusa a bakin shago rana tana dukansa, ka bar masa kayansa, domin ya tsufa tun bai fara aiki ba. Haka wanda aka ajiye kusa da injin walda. Wajen sawa, ka share kwarmin tas, ka shafa wa zoben irin ruwan da zai zauna a ciki, kada ka tura shi da bakin sukundireba, kada ka bari ya murɗe. Oyel sil kuwa, gefen da ɗan sifirin yake shi ne yake fuskantar mai, kuma idan sandar ta riga ta yi zane a inda tsohon leɓe ya zauna, sabon ma zai yi yoyo sai an gyara sandar. Idan mota ta yi gobara aka kawo ta gareji, kada ka taɓa ƙonannun robobin injinta da hannu tsirara, domin Viton da ya ƙone yana iya barin wani asid mai cin fata har ya kai ga ƙashi. Haka nan kada a jefa guntayen Teflon a wuta, kada kuma mai shan taba ya bar garinsa a yatsunsa, hayaƙinsa yana kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji.